Ƙurjin da ba ya yin baki

Kowa a ƙasar nan ya san maruru. Zai tsiro a hammata ko a ɗuwawu, ya hana mutum zama kwana uku, sannan ya nuna, ya yi baki, a matse, mugunya ta fita, a huta. Tun muna yara aka koya mana haƙuri da shi: kada ka taɓa, bari ya nuna. Amma akwai wani ƙurji da wannan haƙurin ke gurgunta mai shi, wani lokaci ma ya kai shi kushewa, domin shi ba ya yin baki. Can ƙasa yake, cikin tsokar cinya ko ɗuwawu ko kwankwaso. Fata tana lulluɓe da shi sumul, mugunya kuwa tana ta taruwa a ciki. A kansa nake son in ja kunnen mutanenmu na Zungur da na cikin garin Bauchi, musamman gidajen da ke da kare ko kyanwa.

Bara, bayan an gama girbi, karyar farautar mijin ƙanwata ta haihu, aka bar wa ɗansu mai shekara 11 kwikwiyo ɗaya. Yaron ya ɗauki son duniya ya ɗora wa wannan kwikwiyo. Tare suke kwana a zaure, in ya ci tuwo sai ya gutsura masa. Yana da wani gyambo a ƙwauri, na faɗuwa daga keke, kwikwiyon yakan zauna ya yi ta lasa, manya suna kallo ba mai hanawa, wai lasar kare tana busar da ciwo. Wata rana suna kokawarsu ta wasa ya kafa masa haƙori a cinya ta cikin wando. Huda biyu ne ƙanana, jinin bai kai a goge da tsumma ba. Washegari wurin ya ɗan tasa, aka sayo kafso huɗu a kemis, ya sha, kumburin ya saɓe, hudar ta rufe. Kowa ya manta.

Bayan kamar mako guda ya fara ɗingishi.

"Inna, cinyata tsami take min," in ji shi.

"Ba dole ba, kullum kana filin ƙwallo," in ji uwar.

Da ɗingishin ya ƙi tafiya aka kai shi wurin maɗori, ya ce targaɗe ne, ya ja ƙafar ya murza, yaron ya yi ihun da maƙwabta suka leƙo. Zazzaɓi ya biyo baya, mai kemis ya ce maleriya ce da taifod, ya yi masa allura uku. Zazzaɓin ya kwanta kwana biyu ya dawo. Daga nan zance ya sauya: wata gwaggo ta ce yaron nan wani abu ya tsallake a hanya, aka shiga hayaƙi da shafe-shafe. Ni ban je gidan ba sai a mako na uku. Na same shi kwance a kan tabarma, ƙafar a tanƙwashe, ya ƙi yarda a miƙe ta. Na ɗora hannu a cinyar. Wallahi kamar na taɓa taɓarya don tauri, ga zafi kamar gefen murhu, fatar tana ƙyalli, amma ba ƙurji, ba baki, ba wurin da za ka ce nan ne. Idanunsa sun faɗa, leɓe ya bushe.

"Yaya, ai ba abin da ya fito, balle a ce a kai shi a fasa," in ji ƙanwata.

A daren muka kai shi asibiti a cikin gari. Likita ya shafa wa cinyar wani mai, ya ɗora na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, ya nuna mini wani baƙin tabo a tsakiyar tsoka. Ya soka doguwar allura, ya ja, sirinji ya cika da mugunya mai kauri. Da safe aka shiga da shi tiyata. Abin da aka kwaso daga cinyar yaro ɗan shekara 11 ya kusa cika kwanon sha. Da aka kai ɗakin gwaji, sai ga irin ƙwayar cutar da ke zaune a bakin kare. Ya yi kusan mako uku a gado, uban ya sayar da buhunan masarar da ya ajiye don damina.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne ga likitoci. Suna kiransa fayomayosaitis, wato mugunya a cikin tsoka. Wani likitan tiyata Bajamushe mai suna Julius Scriba, wanda ya yi aiki a Japan, shi ya bayyana shi a rubuce a 1885. Daga baya aka gane cewa a ƙasashe masu zafi irin namu ya fi yawa, har aka laƙaba masa sunan ciwon ƙasashen zafi. Kuma ɗan Najeriya ne, Dakta Chiedozi, ya fitar da nazari daga birnin Benin a 1979 a kan marasa lafiya 112 da aka samu ƙuraje 205 a tsokokinsu. Ka lura da wannan lissafi: ƙurajen sun kusa ninka mutanen, domin mutum ɗaya yakan ɗauki biyu ko uku a wurare daban-daban. Matakai ukun da likitoci ke raba ciwon a kai har yau, ga wannan nazari ake jingina su.

Matakin farko shi ne mai yaudara. Mako ɗaya zuwa biyu tsoka tana tsami, ta yi tauri kamar itace, da ɗan zazzaɓi sama-sama. Mugunya ba ta taru ba tukuna, kuma a nan magani kaɗai, in an dace da shi, yakan kashe ciwon ba tare da wuƙa ba. Amma a nan ne muke cewa targaɗe ne, sanyi ne, gajiyar gona ce. Mataki na biyu, daga kwana 10 zuwa mako uku, mugunya ta taru, zazzaɓi ya yi ƙarfi, mutum ba ya iya taka ƙafa. Yawancin masu zuwa asibiti a nan suke zuwa, kuma dole sai an fasa. Na uku shi ne lokacin da ƙwayar ta ɓalle ta shiga jini: ta kama huhu, ta kama ƙoda, ta kai zuciya, mutum ya fara sambatu, jini ya faɗi. Wanda ya kai nan, ko a babban asibiti, rai a hannun Allah yake. In ƙurjin a tsokar da ke can cikin kwankwaso yake, ba ma kumburin da ido zai gani. Sai dai ka ga mutum ya tanƙwashe ƙafa ya ƙi miƙe ta, yana ciwon mara ko na baya.

Ba zan ɗora wa kare da kyanwa laifin da ba nasu ba. Mafi yawan irin wannan ƙurji, kusan tara cikin goma a ƙasashen zafi, ƙwayar da ake kira sitafilokokas ke kawo shi, ita kuwa a fatar ɗan Adam da cikin hancinsa take zaune. Takan shiga jini ta ƙazuwa ko gyambo ko ƙaramin yanka, ta je ta sauka a tsokar da ta taɓa buguwa. Amma dabbar gida ƙofa ce ta biyu, kuma ita ce ƙofar da muka bari a buɗe saboda ba mu ɗauke ta ƙofa ba. A bakin yawancin kyanwowi da karnuka, har masu ƙoshin lafiya, akwai ƙwayar da ake kira fasturela, wadda aka sa wa sunan masanin nan na Faransa, Luwi Fastor. Ba ta cutar da dabbar. Wani nazari da aka buga a Amurka a 1999 a kan cizon da ya rube ya same ta a rabin cizon kare, da kashi 75 cikin 100 na cizon kyanwa. Ba cizo kaɗai ba: yakushi yana kai ta, tunda kyanwa tana lasar faratanta, lasar buɗaɗɗen ciwo ma tana kai ta. Ita sitafilokokas ɗin ma takan yi zirga-zirga tsakanin mutum da dabbar da suke kwana wuri ɗaya.

Cizon kyanwa ya fi ba ni tsoro, don shi ne aka fi rainawa. Kare in ya yi cizo yakan yaga, jini ya zuba, hankalin gida ya tashi. Haƙorin kyanwa siriri ne kamar basilla. Yana shiga can ƙasa, ya ajiye ƙwayar a jikin jijiya ko gaɓa ko tsoka, ya fito, ramin ya rufe kansa nan take. Ruwa ba ya isa wurin, iska ba ta isa. Wata maƙwabciyarmu ta shiga ɗakin ajiya ɗauko tukunya, ba ta san kyanwarta ta haihu a bayan buhu ba, ta kama ta a bayan hannu. Ta yi alwalar magariba da hannun ba ta ji komai ba. Kafin asuba hannun ya yi suntum, zobe ya nutse a yatsa, wani jan layi ya kama hanyar gwiwar hannu, kaluluwa ta fito a hammata. Haka fasturela take, ba ta jira: cikin awa 12 zuwa 24 ta nuna kanta. A asibitin Mayo na Amurka an bi mutum 193 da kyanwa ta ciza a hannu, sakamakon ya fito a 2014: kusan ɗaya cikin uku sai da aka kwantar da su, kuma yawancin waɗanda aka kwantar sai da aka yi musu aiki. Wannan a inda asibiti ke kusa kuma ba a wasa da zuwa ke nan. A nan sai mu ce ɗan kakkarai ne, a cusa yatsa cikin lemun tsami.

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini: ai kyanwa ba najasa ba ce. Gaskiya ne, haka malamanmu suka karantar da mu, sauran ruwan da ta sha ma ana alwala da shi, kuma a cikin sahabbai akwai wanda aka yi wa alkunya da 'yar kyanwa. Amma tsarki hukunci ne na ibada. Bai ce bakinta ba ya ɗauke da cuta ba. Hannunka ma mai tsarki ne, ka kuwa san in ka sa shi a ido ba ka wanke ba abin da zai biyo baya. Kada a haɗa mas'alar alwala da mas'alar rauni. Shi kuwa kare, addinin da ya ce a wanke ƙwaryar da ya lasa sau bakwai, ta yaya za mu zauna muna kallo yana lasar gyambon ɗanmu mu kira shi magani?

Akwai gidajen da ya kamata su ninka hattara. Na farko gidan da ke da mai sikila. A Najeriya ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara, kuma tun suna ƙanana saifarsu take daina aiki. Saifa ita ce matatar da ke tare ƙwayoyin cuta a jini. Akwai wata ƙwaya a yawun kare, kafnosaitofaga, wadda ga mai lafiya da wuya ta yi wani abu, amma ga wanda ba shi da saifa mai aiki takan kai ga mutuwa cikin 'yan kwanaki. Ga kuma ruɗani: mai sikila in ya ce cinya tana ciwo, kowa zai ce ciwonsa ne ya tashi, a ba shi maganin kashe zafi, ƙurji yana can yana girma. Sai mai ciwon suga, wanda ƙafarsa kan mutu har kyanwa ta karce shi bai ji ba. Sai mai ƙanjamau, da yaron da tamowa ta kama, da tsoho, da mai ciwon hanta. A irin waɗannan gidaje dabba ba ta da hurumi a ɗakin kwana.

Haɗarin nan kuma yaɗuwa yake, duk mai ido ya gani. A da kare na mafarauci ne da makiyayi, yana daji ko bayan gida. Yanzu tsoron ɓarayi ya sa gidaje da yawa a sababbin unguwanni sun ajiye manyan karnuka a tsakar gida, inda yara ke rarrafe. Samari suna sayen 'yan kwikwiyo ta Facebook da WhatsApp ba takardar rigakafi. 'Yan mata suna kiwon kyanwa mai dogon gashi, a gado ɗaya ake kwana, ana sumbatarta a baki don a ɗauki hoto. Ciwon suga yana ƙaruwa. Su kuma ƙwayoyin cutar suna ƙara taurin kai, saboda yadda muke shan kafso kamar gyaɗa, biyu yau, ɗaya gobe, a bari in an ji sauƙi. Akwai nau'in sitafilokokas da tuni ya daina jin magungunan da aka saba, kuma ana samun sa a asibitocin ƙasar nan.

Kafso huɗun da aka ba ɗan ƙanwata su suka fi komai cutar da shi. Sun kwantar da kumburin sama, suka bar wutar tana ci a ƙasa. Kuma maganin da ke kashe wata ƙwayar ba lallai ya taɓa wata ba: kuloksasilin, wanda ake ba masu maruru, ba ya yi wa fasturela abin kirki. Mai kemis ba shi da hanyar sanin wacce ce a ciki. In kuwa mugunya ta riga ta taru, ko buhun magani aka sha ba zai ratsa ta ba, sai an ba ta hanya ta fita. Ina kuma roƙon mutanenmu da Allah, kada wannan magana ta sa a ce to a kira wanzami ya yi sakiya. Wanzami yana da aikinsa, amma ƙurjin da ke ƙarƙashin tsoka ba nasa ba ne. Babbar jijiyar jini tana ratsa cinya, babbar jijiyar motsi tana ratsa ɗuwawu. In ƙarfe ya kauce da faɗin yatsa, ko jini ya ƙare kafin a samu mota, ko ƙafa ta shanye har abada. Ƙaho ma ba ya jawo abin da ke wannan zurfin, sai dai tsagar ta ƙara buɗe wa ƙwaya hanya. Haka allurar ɗuwawu a hannun wanda bai iya ba: ita kanta tana haifar da irin wannan ƙurji.

In kare ko kyanwa ta ciji mutum ko ta yakushe shi har fata ta huje, abin farko ruwa ne da sabulu. A zuba, a wanke, a sake zubawa, minti 15 cur, a duba agogo. Ko sabulun wanki ne ya wadatar. Kada a sa toka, ko ƙasa, ko man birki, ko gashin karen da ya yi cizon. Kada a ɗaure tamau, kada a roƙi kowa ya ɗinke huda. Sannan a tafi asibiti a ranar, ko da ciwon bai kai ƙwayar gero ba, musamman in a hannu ne, ko fuska, ko kusa da gaɓa. A faɗa wa likita gaskiya cewa dabba ce, don wannan kalma ita ke sauya maganin da zai rubuta. Zai duba batun allurar tetanus, zai kuma duba batun haukan kare, wanda shi in alamunsa suka bayyana ba a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan duka ta cizon kare, kuma kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kyanwa ma tana ɗaukar sa. Yara kuma suna ɓoye cizo don tsoron duka ko tsoron a raba su da kwikwiyonsu, saboda haka uwa ta riƙa duba jiki lokacin wanka, ta tambaya cikin lallashi.

In kuma ba a ga cizo ba, amma yaro ko babba yana ɗingishi da zazzaɓi, tsoka ta yi tauri da zafi, an sha maganin maleriya kwana uku ba sauyi, to a daina jiran baki. A fara da asibitin da ya fi kusa, in abin ya fi ƙarfinsu a nemi takardar tura mara lafiya zuwa cikin gari. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa yana nan, Asibitin Ƙwararru na jiha yana nan. A buɗe baki a tambayi likita ko za a yi sikanin wurin. Hoton ƙashi sau da yawa ba ya nuna wannan ciwo da wuri, sai a dawo gida ana cewa ai an yi hoto ba a ga komai ba. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, kafin a san shi da siyasa da waƙa aikin magani ya koyo a Yaba, ya kuma koyar da shi a Zariya. Yana yi mini ciwo a ce a ƙasar da ya ɗauki sunanta, bayan duk waɗannan shekaru, ana kewaye yaro da hayaƙi mako uku alhali mugunya ce a cinyarsa.

Ban ce a kori dabbobi ba, ban kuma ce a cutar da su ba. Wanda ya san hukuncin matar da ta tsare kyanwa har ta mutu da yunwa ba zai ce haka ba. Kyanwa tana tsare mana rumbu daga ɓera, ɓera kuwa shi ke kawo zazzaɓin Lassa da ke addabar jihar Bauchi kusan kowace rani. Kare yana gadi, yana farauta. Amma wanda ya ajiye dabba ya ɗauki amana biyu, tata da ta mutanen gidansa. Ya kai ta asibitin dabbobi a yi mata allurar haukan kare tun tana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, nan maƙwabtanmu a Filato, ta daɗe tana haɗa wannan rigakafi. A ba ta maganin tsutsar ciki, a kwashe kashinta daga inda yara ke wasa da ƙasa, a ware mata kwanonta. Duk mai ciwo a jiki ya rufe shi da bandeji. A koya wa yara kada su taɓa dabba tana cin abinci, ko tana barci, ko tana kan 'ya'yanta.

Ɗan ƙanwata ya koma makaranta bayan hutun ƙarshen shekara. Tabon aikin ya kai tsawon yatsana na tsakiya, kuma cinyar har yanzu ta fi 'yar'uwarta sirantaka. In ya yi gudu mai nisa sai ya tsaya ya dafa ta. Kwikwiyon ya zama kare, an yi masa allura, an gina masa ɗan ɗaki a bayan gida kusa da turken awaki. Masarar da aka sayar kuwa, sai da uban ya ci bashi kafin ya fitar da iyalinsa daga damina.